Ɗalibaina sun iya taƙaitawa, amma ba sa ganin ginin hujja

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da 'yan shekarar farko a wata jami'a a nan arewacin Kamaru. In na ba su rubutu na ce su nuna mini yadda marubucin ya gina hujjarsa, sai su maimaita abin da ya faɗa, da Faransanci mai kyau kuwa. Yaya zan yi da su?
Wata malama daga Garwa

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki ga laifinsu da yawa. Tun shirin jarrabawar Bak ta kammala sakandare aka ɗora su kan tsari guda: ra'ayi, kishiyarsa, sannan sulhu. Sun haddace shi kamar karatun allo.

Ni da albasa nake farawa. Wani mai albasa a kasuwar Marwa ya taɓa ce mini, "Malam, ɗauki wannan buhun, ta rani ce, ba za ta ruɓe ba." Na rubuta maganar a allo. Da'awarsa? Ba za ta ruɓe ba. Dalilinsa? Ta rani ce. Sai na ce, to me ya haɗa rani da rashin ruɓewa? Aji ya yi tsit. Can wata yarinya a bencin baya, 'yar manomin albasa, ta ce ai ta rani tana bushewa sosai, ba ta da ruwa kamar ta damina. Wannan gadar da mai magana bai furta ba ita ce Stephen Toulmin, masani ɗan Ingila, ya ware wa gurbi a tsarinsa na nazarin hujja na 1958. Malaman zaure masu karanta mandiƙi, wato ilimin tsara hujja, ma sun san ta: mukaddimar da aka ɓoye kafin natija, wato sakamako. Yarinyar ta ƙara da cewa in aka jibge ta a ɗaki mai laima, ruɓewa za ta yi. Togaciya kenan, ban ma tambaya ba.

Daga nan ki raba musu sakin layi ɗaya tak daga sharhin jarida. Su zagaye kowane donc (saboda haka), car (domin) da cependant (sai dai) na Faransanci da fensir, su ja kibiya daga dalili zuwa da'awa, gadar da ba a rubuta ba su rubuta ta a gefe. Ki gargaɗe su: wani donc ɗin ado ne kawai, ba ya ɗauke da komai. Makon farko kada ki bari kowa ya ce ya yarda ko bai yarda ba. Wannan sai an gama zane.