Monitar jariri: ki fara duba batiri kafin kyamara

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, barka da arziki, Allah Ya raya mana. Kin tambaya a kan monitar jariri, na'urar da ke sa ki ji ko ki ga yaro daga wani ɗaki, ko mai kyamara da WiFi za ki saya ko mai sauti kawai, kuma me ya cancanci a kashe masa kuɗi. A unguwar Nima ta Accra nake, ɗinki nake yi a ƙofar gida, kuma yarana biyu na ƙarshe da wannan na'ura na yi renonsu.

Ta farko da na saya mai WiFi ce, wadda ake kallo a waya. Ban ji daɗinta ba. Da zarar an yi dumsor, wato an ɗauke wuta, rawuta mai ba da WiFi ta mutu, hoto ya tafi. In data ta ƙare, haka. Ga shi kwastoma za ta kira ki, kina amsawa kin daina ganin yaro. Wata rana ina kan keke ina ɗinki, hankalina kwance, ashe hoton ya tsaya cak tun ɗazu, yarinya tana ta kuka a ɗaki. Maƙwabciyata ce ta zo ta gaya mini. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Don haka ki nemi wadda take zuwa da nata allon, tana magana da kyamararta kai tsaye ba sai da intanet ba. A jikin kwali za ki ga an rubuta FHSS, ko DECT in mai sauti ce. Amma abin da masu shago ba sa faɗa shi ne, da yawa allon ne kawai ke da batiri, ɓangaren da ke wajen jariri sai an jona shi a bango. Ki tambaya. In ana jona shi da USB, ƙaramin pawa bank zai riƙe miki shi in wuta ta tafi. Nan ne kuɗinki ya kamata ya je.

Nisan da suke rubutawa, mita 300 ko makamancin haka, a fili suka gwada. Bangon bulo biyu ko uku na gidan haya zai cinye rabinsa ko fiye. In a kasuwar Circle ta nan Accra za ki saya, ki sa a kunna, ki fita da allon waje ki gani kafin ki biya. In kuma daga Amurka za a aiko miki, ki duba cajar ta ce 100–240V, domin wutarmu 230V ce.

Ganin dare yana da amfani, sai dai gidan sauro yana mayar da haskensa, hoton ya yi fari fat. Na sha fama kafin na gane in matsar da kyamarar gefe. Kada dai ki cire gidan sauron don ki ga hoto, kuma kada ki rataya ta a ciki. Wayar wutar ta yi nesa da shimfiɗar yaro da aƙalla mita 1, domin tana iya naɗe masa wuya. Ki kuma nemi wadda ake rage mata ƙarfin ji, in ba haka ba fanka da lasifikar masallaci za su riƙa tashe ki. Waƙoƙin lallashi da fitilu masu launi, ban taɓa amfani da su ba.

Sai safar nan mai tsada da ake sa wa jariri a ƙafa, wadda ake cewa tana auna numfashi. Na san tsoron da ke sa uwa ta so ta, ni ma na yi shi. Amma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ba ta ba da shawarar a dogara da irinta don kare mutuwar farat ɗaya a barci ba. Abin da suka ce shi ne a kwantar da jariri rigingine a kan bayansa, kan shimfiɗa mai tauri ba matashi, a ɗakin iyayensa, aƙalla wata 6. In ɗanki bakwaini ne ko yana da matsalar numfashi, wannan maganar likita ce, ki kai ta ranar awo.

Da dare ni kashe tawa nake yi, tunda yarinya tana kusa da ni. Da rana take mini aiki. In ɗakinki da wurin girkinki ba su da nisa, mai sauti kawai ta ishe ki.