Sha-kauci da tsuntsun Amurka: ɗaya ne?

Wani mai karatu daga Gumel ya rubuto yana cewa ya ga bidiyon wani ɗan tsuntsun Amurka mai dogon baki, yana tsaye cak a iska yana tsotsar fure. Shi ne sha-kaucinmu?

Malam, ba shi ba ne, kama ce kawai. Wancan da Turawa ke kira hummingbird babu shi a dajin ko'ina sai nahiyar Amurka. Namu kuwa masana sun sa shi a dangin Nectariniidae, mai nau'i sama da 140, daga Afirka zuwa kudancin Asiya har arewacin Ostireliya. Yana cikin tsuntsaye masu rera kuka, kuma yawanci sai ya sauka a reshe kafin ya zura baki cikin fure.

Sunan kansa ginin Hausa ne tsantsa, fi'ili da abin da ya faɗa wa, kamar sha-zumami da sha-yabo. Kauci shi ne tsiron nan da ke ɗafe wa ɗorawa ko kaɗanya yana zuƙar ruwan jikinta. Furensa siriri ne kamar ashana, a rufe yake har tsuntsun ya taɓa shi da baki, sai ya tsage farat ɗaya ya watsa masa garin fure a ka, shi kuma ya kai wa wani kaucin. Wanda ya raɗa sunan nan ya daɗe a gindin bishiya yana kallo.

Bahaushe ya duba abin da tsuntsu yake ci, masana kuma asali suke bi. Shi ya sa mai jan ƙirji, Chalcomitra senegalensis, da mai dogon wutsiya, Cinnyris pulchellus, duk suna ɗaya ya ishe mu. Matan kam sai gwani, don launinsu dushi-dushi ne.

Wata malama daga Maraɗi ta ce: me ya sa ake cewa "kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi", ba "gidansa" ba?

Malama, a Hausa gidan da aka haifi mutum ba nasa ba ne shi kaɗai. Yaro "gidanmu" yake cewa, sai ya kafa nasa ya ce "gidana". Karin maganar tana nufin halin da aka taso da shi, don haka jam'in ne daidai. Masu nazarin tsuntsaye ma sun gano cewa 'ya'yan masu rera kuka koyonsa suke yi daga manya, kuma a wasu nau'o'in kukan yakan bambanta daga wannan yanki zuwa wancan.