Tambaya da Amsa: Me Zai Sa In Sauka a Kenitra Alhali Fas Na Nufa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Insha Allah zan je ziyarar Shehu Tijjani a Fas, amma sai na fara biyawa ta Tanja wajen ɗana da ke karatu. Yaron ya yankar min tikitin jirgin ƙasa ta intanet, sai na ga wai zan sauka a wani gari Kenitra in canza jirgi. Anya bai yi kuskure ba kuwa? Ni dai mai gudun nan nake so ya kai ni har Fas. Daga wani Alhaji a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, yaro bai yi kuskure ba wallahi, kar ka masa faɗa. Mai gudun da kake nufi shi ne Al Boraq, Sarkin Maroko Muhammad na shida ya ƙaddamar da shi a Nuwamban 2018, kuma shi ne irinsa na farko a Afirka. To amma sabon layin dogon da aka shimfiɗa masa daga Tanja zuwa Kenitra ya tsaya, kusan kilomita 200, nan ne yake zuba gudun kilomita 320 a awa. Yana wuce Kenitra sai ya hau tsohon layi ya rage gudu ya nufi Rabat da Kasablanka. Fas kuwa tana gabas, sam ba hanyarsa ba ce.

Shi ya sa tashar Kenitra ta zama mahaɗa, ga Al Boraq, ga Al Atlas masu dogon zango da ke bi ta Meknes zuwa Fas, ga kuma TNR, jiragen gajeren zango na ma'aikata da ɗalibai masu sammakon zuwa Rabat, duk ONCF, kamfanin jiragen ƙasa na Maroko, ne ke da su. Ƙasa da awa ɗaya ka iso daga Tanja, shayinka ma da ƙyar zai huce, sannan ka yi awa biyu da ɗoriya a na Fas.

Inda mutanenmu ke rikicewa shi ne wajen canjin. Al Boraq ba ya daɗewa a tashar, don haka da an sanar da Kenitra ka jawo jakarka ka tsaya bakin ƙofa, balle in kujerarka a sama take tunda jirgin hawa biyu ne, saukowa da ƙatuwar jaka a matattakalar nan sai an yi gumi. Kana sauka ka ɗaga kai ka duba allo, "voie" shi ne lambar layin da jirginka zai tsaya, "voiture" da "place" da ke kan tikiti kuma tarago ne da kujera. Kar ka ga jirgi ya tsaya ka faɗa kawai don ka ga jama'a na shiga, sai ka tsinci kanka a Rabat.

In ta Kasablanka za ka koma gida, akwai jirgi kai tsaye daga Fas, ka zauna abinka ya ratsa Kenitra da kai.