Yaya ake gyara manhaja ba tare da an kashe ta ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sana'ar POS a Sakkwato. Wani lokaci banki kan aiko da saƙo cewa za a dakatar da hada-hada cikin dare saboda gyara, amma ban taɓa ganin WhatsApp ya yi irin wannan sanarwa ba. Ta yaya ake gyara manhaja alhali tana kan aiki? Daga mai karatu a Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Irin waɗannan manhajoji ba a kan kwamfuta ɗaya suke gudana ba, kwamfutoci ne masu yawa suke raba aikin a tsakaninsu. Idan za a yi sauyi, sai a janye ɗaya daga layi, a bar ta ta kammala buƙatun da ta riga ta karɓa, a ɗora mata sabon tsari, a gwada ta, sannan a mayar da ita a janye ta gaba. Harshen rubuta manhaja mai suna Erlang, wanda kamfanin Ericsson ya ƙirƙira a 1986 domin na'urorin tarho, yana ma ba da damar sauya wani sashe na manhajar tana cikin gudana.

A ganina, inda haɗarin yake shi ne ɗan lokacin da tsohon tsari da sabo suke aiki tare, domin tilas ne kowanne ya fahimci saƙon ɗan'uwansa. A watan Agusta na 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya ɗora sabuwar manhaja a kan kwamfutoci 7 cikin 8, ta takwas ta ci gaba da tsohuwar, aka yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin kimanin minti 45.

Abin da ya fi wuya shi ne sauya jerin kwamfutocin da ke yanke hukunci. Idan 5 ne, sai 3 sun amince kafin a rubuta cewa kuɗi sun shiga. In aka ƙara wasu da garaje, ana iya samun ɓangarori biyu kowanne yana ganin shi ke da rinjaye. Tsarin Raft na 2014, wato wata hanyar sa kwamfutoci su cimma matsaya ɗaya, ya magance wannan da sharaɗin cewa a lokacin sauyin sai an samu rinjaye a tsohon jeri da kuma sabo.

Don haka kada ka ga laifin bankin da ya zaɓi tsayawa cikin dare, musamman idan gyaran ya shafi rumbun da lissafin asusunka yake ciki.