Labulen ɗaki shi ne zaurenmu

Ɗan uwa, ka ce ka ga bidiyon wani biki a Nima, unguwarmu a Accra ta ƙasar Gana, mata na rawa a titi ana ɗaukarsu, kana tambaya ko mazansu sun sani. Sun sani mana, ai su suka biya mai kyamarar.

Ku can ƙasar Hausa kuna da zaure da katanga, baƙo ba ya wuce soro. Mu a Accra gidan haya muka taso, Bahaushe da Bazabarme da Badagombe a tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Biki ko suna ba inda za a yi shi sai titi: a kafa rumfa, a jera kujeru, a tare hanya. Mahaifiyata a bakin hanya ta sayar da koko da ƙosai har ta tsufa, duk unguwa an san fuskarta, kuma da wannan cinikin ta sa mu allo da boko. Saboda haka kada ka auna Hausancinmu da kulle. Malam Barko da ya kafa unguwar Sabon Zango a nan Accra, mahaifinsa daga Katsinarku ya zo.

Amma muna da iyaka. Kyamara ba ta ɗaga labulen ɗaki, ba ta zuwa kan mai jego, ba ta zuwa kan gawa. Kakata ko ranar Sallah ba a ɗaukarta sai ta gyara mayafi ta ce to.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne baƙin da ke shigowa da waya a tsinin sanda, ba sallama. Su ɗauki babbar kwatar Nima, da yara ba riga, da tsohuwa tana wanke-wanke, su zuba a YouTube su ce ga Zango. Ba ruwansu da babban masallacin unguwar Kanda da Turkawa suka gina, aka buɗe a 2021, alhali yana nan kusa.

Doka kam akwai. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya kare sirrin gida, ga dokar kare bayanan mutane ta 2012. To amma mai sayar da goro a kasuwar Laraba ta Nima ina za ta bar tirenta ta tafi neman lauya? Sai dai ta kare fuska da gefen mayafi, ko samarin layi su tare mutum su ce ya goge.

Yanzu ma yaranmu sun fara. Ana sallar jana'iza za ka ga waya a sama don TikTok, sai liman ya yi magana kafin a sauke.