Amsa ga mai tambaya kan ƙauyukan tarihi na Polan

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa mai karatu a Lublin, ka tambaya ko wuraren nan da ake kira skansen sun kai mutum ya kashe musu kuɗin mota da yini guda, kuma wanne ya fi. Ka je, wallahi ba za ka yi da-na-sani ba. Ka fara da na garin da kake, amma kada ka bar ƙasar nan ba ka ga na Sanok ba.

Ga waɗanda ba su san abin ba, fili ne makeke da aka tara tsofaffin gine-ginen ƙauye a ciki. Yawancinsu na asali ne. Gida ne da aka haihu aka mutu a cikinsa, aka je ƙauyensa aka warware shi katako-katako, aka sa wa kowane gungume lamba, aka ɗauko aka sake haɗa shi yadda yake. A Suwidin aka fara wannan dabara a 1891. A Polan kuwa mafi tsufa shi ne na Wdzydze Kiszewskie can arewa, wanda wani malamin makaranta, Izydor Gulgowski, da matarsa Teodora suka kafa a 1906.

Na Lublin yana unguwar Sławin, a kan titin Warszawska, bas ɗin cikin gari ma zai kai ka. Kana shiga za ka ci karo da injin niƙa mai aiki da iska, sai gidaje masu rufin ciyawa, gonaki, dabbobi, da wani sashe da aka tsara kamar ƙaramin gari na shekarun 1930 da shagunansa. Rabin yini ya ishe ka.

Sanok daban ne. Yana kudu maso gabas, kusa da iyakar Yukiren da Silobakiya, daga Lublin sai ka bi ta Rzeszów, don haka ka shirya kwana. An kafa shi a 1958 a bakin kogin San, faɗinsa hekta 38, kuma an raba shi bisa ƙabilun da suka zauna yankin: Boyko, Lemko, Pogórzanie da Dolinianie. Gidan Lemko dogo ne, ɗakin mutane da wurin sussuka da garken dabbobi duk ƙarƙashin rufi ɗaya, saboda idan ƙanƙara ta rufe ƙofa ba mai son fita waje ya ba saniya abinci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗakunan da ba su da hanyar fitar hayaƙi. Ana hura wuta a ciki, hayaƙin ya taru a sama ya lallaɓa ya fita ta wata 'yar kafa ko ta ƙofa. Bango da rufi sun yi baƙi ƙirin, har yau kana jin ƙaurin a jikin katako. A ɗaki ɗaya iyali duka suke kwana, tsofaffi da yara a kan murhu don ɗumi, ga dutsen niƙa na hannu a gefe. Mu da muke sauka Warsaw mu ga benaye da jiragen ƙasa, mukan ɗauka haka Turai ta tashi ta ga kanta. Manoman yankin nan suna yi wa masu ƙasa aikin tilas har zuwa 1848, a ɓangaren Polan da Rasha ke mulka a lokacin kuma sai 1864 manomi ya mallaki gonarsa.

Akwai abin da nake roƙon ka riƙe a zuciya kafin ka fara ɗaukar hoto. Gidajen Boyko da Lemko da cocinansu na katako ba tsufa kaɗai ya raba su da masu su ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an tura da yawansu Tarayyar Sobiyet, sannan a 1947 gwamnatin kwaminisanci ta kwashe mutum kusan 140,000, 'yan Yukiren da Boyko da Lemko, ta watsa su arewa da yammacin ƙasar. Ana kiran wannan kwasa Akcja Wisła. Ƙauyuka da dama a duwatsun Bieszczady sun koma daji, sai itatuwan marmari da makabarta ke nuna an taɓa zama a wurin. Wanda ya san wannan, kallon da zai yi wa gidajen dabam ne da na wanda ya zo ganin kyan katako. Haka ma majami'ar Yahudawa da ke wurin: kwaikwayon ta garin Połaniec ce, domin ta asalin an hallaka ta lokacin mamayar Jamus.

Idan kana karatun injiniya, sashen haƙar mai zai burge ka. A wannan yankin Ignacy Łukasiewicz ya yi aiki, mutumin da ya ƙera fitilar kananzir a 1853, kuma rijiyoyin Bóbrka da aka fara haƙa a 1854 suna nan kusa da Krosno, su ma an mayar da su gidan tarihi.

Lokacin zuwa yana da muhimmanci ƙwarai. Daga Mayu zuwa Satumba ne wurin ke da rai. Da hunturu ana rufewa da wuri, sanyi kuma ba zai bar ka ka tsaya ka duba komai ba. In da hali ka daidaita zuwanka da ranar biki, musamman dożynki, bikin kammala girbi da ake yi ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Ran nan za ka ga ana yankan hatsi da lauje, ana sussuka, maƙeri na bugun ƙarfe, mata na kaɗi da saƙa, ana gasa burodi. Ka duba shafinsu kafin ka fita, don gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa ranar Litinin. Ka riƙe katin ɗalibinka saboda ragin tikiti, ka sa takalmin da zai jure tafiya da laka. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku ɗauki ɗan jagora mai jin Turanci, kuɗin ba zai yi muku nauyi ba, kuma bayaninsa ne rabin ziyarar.

Sai maganar abinci, a nan ka yi hattara. Abin da aka fi miƙa wa baƙo a irin waɗannan bukukuwa shi ne burodi da aka shafa wa smalec, wato kitsen alade. Pierogi ruskie ƙullin fulawa ne mai dankali da cuku a ciki, amma sau da yawa ana barbaɗa masa soyayyen naman alade a kai, miyar żurek kuma da tsiran alade ake yinta. Ka tambaya tun kafin a zuba, ko ka tafi da guzurinka. Salla ba ta taɓa yi mini wahala ba, fili ne da bishiyoyi, ka dai tafi da dardumarka da ruwan alwala.

Tunda ka ce kai ɗan Filato ne, wataƙila ka san gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Masanin gine-ginen da ya tsaya a kan aikin, Zbigniew Dmochowski, ɗan Polan ne. Ya yi shekaru yana auna gine-ginenmu na ƙasa yana zana su, kuma abin yana ci mini rai duk lokacin da na tuna irin kulawar da gidajen katako ke samu a nan alhali namu damina na cinye su.

Idan ka samu hutu na gaba, ka nufi Podlasie wajen Białystok, ƙauyukan Kruszyniany da Bohoniki. Ƙauyukan 'yan ƙabilar Tatar ne, Musulmi da Sarki Jan Sobieski ya ba filaye a 1679, masallatansu na katako suna nan, kuma waɗannan ba kayan kallo kaɗai ba ne, har yanzu ana salla a ciki. Ka sanar da mu a nan idan ka sa rana, ƙila a samu masu raka ka.