Kafin Ki Ciri Jari Ki Sayi Sabuwar Waya

Tambaya: Ina saro atamfa, leshi da shadda a Kantin Kwari, ina tallatawa a WhatsApp da Instagram. Hotunana ba sa fita da kyau, har sau biyu ana dawo mini da kaya wai launin ba shi aka gani a hoto ba. In ciri kuɗi daga jari in sayi iPhone?

Amsa: Hajiya, ki bar jarin nan ya ci gaba da juyawa tukuna. Dawo da kayan ne ya fi damuna, don kin yi asarar kuɗin mota zuwa da dawowa, da wuya kuma wannan mai sayen ta sake waiwayarki. Amma laifin na haske ne, ba na waya ba.

Ƙwan lantarki maƙaryaci ne. Wani yana zuba ruwan ɗorawa a kan kaya, wani shuɗi-shuɗi, sai farin leshi ya fito ruwan madara, shuɗi mai duhu ya koma baƙi. Ki kashe shi, ki kai kayan bakin taga ko inuwar baranda, da hantsi ko bayan la'asar. Hasken ya faɗo ta gefe, kada taga ta kasance a bayan kayan. Filashi kuwa ki manta da shi, musamman a kan shadda: sheƙinta zai mayar da hasken, zanen ya ɓace ɗungurungum. Ranar da hazon hunturu ya rufe rana ma, ke gaba ta kai ki, don inuwa ba ta yin kaifi.

Kafin kowane ɗauka ki goge gilashin kyamarar da gefen mayafi. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa hoto ya yi dishi-dishi. Ki shimfiɗa farin zanen gado wanda aka goge, ki kawar da bokiti da takalman yara daga bayan kayan, ki taɓa kayan a fuskar wayar don ta mayar da hankali a kansu. Kada ki jawo hoto da yatsu, ki matsa da ƙafarki.

Kowane turmi hoto uku: ɗaya a buɗe a ga zanen duka, ɗaya kurkusa har a ga saƙar zaren, ɗaya na tambarin kamfanin da ke gefe. Sannan ki ajiye wayar kusa da atamfar ki kwatanta. In launin ya bambanta, sake ɗauka, ban da filta.

Wajen turawa ki danna alamar HD, wato ta tura hoto da ingancinsa, da WhatsApp ya ƙara a 2023, in ba haka ba zai matse hoton.

Ki gwada wannan wata guda. In rawar hannu na ɓata miki hoto, ki sayi 'yar ƙafar ɗora waya daga riba, kuɗinta bai kai na turmin atamfa mai kyau ɗaya ba.